Daga Garagumsa zuwa Tawa: Me mawaƙi ke samu bayan ya ɗauki kofi?

A shekarar 2022 wani matashi ɗan Koriya ta Kudu, Yunchan Lim, ya lashe gasar kiɗan fiyano ta Van Cliburn a jihar Teksas ta Amurka yana ɗan shekara 18. An ba shi dala 100,000. Sai dai masana harkar sun fi kallon abin da ya zo tare da kuɗin: shekara uku masu shirya gasar suna nema masa wuraren wasa, suna kula da tafiye-tafiyensa, ga kuma faifai. Haka gasar Chopin ta birnin Warsaw take, wadda aka fara a 1927. Wanda ya ci, kamfanonin faifai ne ke bin sa.

Nijar ma tana da tata. Gasar Ɗan Gurmu, wadda aka raɗa wa sunan shahararren mawaƙin nan na ƙasar Adar, ta soma ne a shekarun 1980 don zaburar da kiɗan zamani, kuma Tawa ce ta zame mata gida. Jihohi ne ke tace 'yan takara kafin su turo su. Ke nan saurayin da ke kaɗa jita a Garagumsa, cikin gundumar Takeita, sai ya fara tsallake matakin Damagaram, inda zai kara da 'yan birni masu kayan kiɗa da wurin gwaji. A garin Ma'azu Ɗan Alalo, mawaƙin fadar Sarkin Damagaram, ba a burge masu sauraro da arha.

Tasirin gasar a farkonta bai tsaya ga kofi ba. A 1990 aka buɗe cibiyar koyar da kiɗa ta Elhaji Taya a Yamai da tallafin Turai, matasan da suka yi fice a lokacin suka samu wurin gwaji, da malamai, da kayan aiki. A wannan zamanin ne sunayen Sa'adu Bori, Musa Pusi, Sani Abusa, Fati Mariko da Yakuba Mumuni suka cika rediyo. A 1994 faifan "Niamey Twice" na Sa'adu Bori da Musa Pusi ya fito a Turai, daga baya Yakuba Mumuni ya zaga duniya da ƙungiyar Mamar Kassey. Gasa ta nuna su, amma cibiyar da masu buga faifai ne suka ɗora su kan hanya.

Matsalar ita ce gasar ta sha tsayawa na tsawon shekaru, kuma kusan duk abin da ke ɗaga mawaƙi yana Yamai, kimanin kilomita 900 daga Zinder. Wanda ya ci zai koma gida da takardar yabo da 'yan kuɗi, kuɗin su ƙare a gyaran amsa-kuwwa, ya koma wasan biki.

Shi ya sa da yawa daga matasan yankin suka fi kallon kudu. A Takeita hanya ke rabuwa, ɗaya ta yi Maraɗi da Yamai, ɗaya ta bi Matamaye ta shiga Daura da Kano, inda situdiyo suke birjik kuma babu alkalin gasar da zai tace kowa. Wasu ma ba sa tafiya: wayar hannu da TikTok sun ishe su kai waƙa ga 'yan uwa da ke ci-rani a Libiya da Aljeriya.