Daga masaƙa zuwa Panteka: wa ke magana da yawun leburan Kaduna?

Adams Oshiomhole ya fara ne da ƙaramin aiki a masaƙar Arewa da ke Kakuri. A 1982 ya zama babban sakataren ƙungiyar ma'aikatan masaƙu, a 1999 shugaban ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa, NLC, a 2008 gwamnan Edo. Yau babu yaron da zai iya bin wannan hanya, domin masaƙun sun mutu. Masaƙar KTL da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, ta UNTL ta tsaya a 2007. Rashin wuta, tsadar baƙin mai da atamfar fasa-ƙwauri su suka gama da su.

Da injina suka yi shiru, ƙarfin ƙwadago ya ƙetaro kogin Kaduna, ya dawo hannun masu albashin gwamnati: malamai, ma'aikatan asibiti, na ƙananan hukumomi. An ga haka a Mayun 2021, lokacin da shugaban NLC Ayuba Wabba ya jagoranci yajin aiki kan korar dubban ma'aikata da gwamnatin El-Rufa'i ta yi. Wuta ta ɗauke, jirgin ƙasa ya tsaya, bankuna suka rufe, gwamna ya ce ana neman Wabba ruwa a jallo. A rana ta uku aka janye yajin.

Yajin yana da hujja. Amma a leƙa kasuwar tsohuwar Panteka. Ga mai walda a tsugune kan ƙyauren ƙarfe, baƙin tabarau kaɗai ne kariyarsa, tartsatsi na zuba a kan silifas ɗinsa. Gefe yaro ɗan koyo na yanka rodi, hannu babu safa. Ranar da aka yanke wuta, mai waldan ma cinikinsa ya yanke, kuma ba a ambaci sunansa a teburin sulhu ba. Ba fansho, ba diyya idan injin ya cinye yatsa.

Ƙungiyoyin ƙwadago suna da uzuri, ba a musu. A Panteka maigida da yaronsa tare suke cin abinci, babu kamfanin da za a yi wa yaji, babu albashin da za a cire kuɗin ƙungiya a ciki. Sai dai ƙungiyar masaƙa da kanta ta jawo teloli masu zaman kansu cikinta bayan mambobinta sun ragu, ashe abin mai yiwuwa ne.

Shugabannin NLC na Kaduna, ku shiga Panteka ku zauna da maƙera da masu walda. A fara da inshorar lafiya da diyyar rauni.