Wayar Salula da Hidimar Gwamnati a Karkara: Darasi Daga Ƙasar Citta

Gabatarwa

Garin Kafanchan ya daɗe da sanin darajar hanya. Jirgin ƙasa ne ya raya shi tun a shekarun 1920, lokacin da ya zama mahaɗar layin dogon da ya taso daga Fatakwal, da wanda ya nufi Kaduna, da kuma reshen da ya haura Jos. Ta wannan hanya amfanin gonar kudancin Kaduna ya riƙa isa kasuwanni masu nisa. A yau akwai wata hanya da ta ratsa ƙauyukan Jama'a da Jaba da Kaciya da Kagarko da Zangon Kataf, wato wayar salula. Ta cikinta farashin citta ke zuwa, da kuɗin dillali, da sanarwar rabon taki, da hasashen damina.

Sai dai kuma abin da shekarun da suka gabata suka koya mana shi ne, mallakar waya kaɗai ba ta kawo wa manomi hidimar gwamnati. Sai sunansa da lambarsa sun shiga rajista daidai, sai kuma an sami wanda zai amsa a ɗaya ɓangaren idan ya kira. Wannan maƙala za ta duba yadda lamarin ya gudana a wannan yanki, sannan ta ba da shawarwari ga manoma da malaman gona.

Yadda waya ta iso karkara

Kafin shekarar 2001, layukan tarho da ke aiki a duk faɗin Nijeriya ba su kai rabin miliyan ba, kuma kusan dukkansu suna manyan birane. A watan Janairun 2001 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, ta yi gwanjon lasisin wayar salula, kuma a watan Agustan shekarar kamfanonin Econet da MTN suka fara aiki. A lokacin layi kaɗai yakan kai N20,000, kira kuwa N50 ne kowane minti. Shigowar kamfanin Glo a 2003 ce ta kawo lissafin kira da daƙiƙa, farashi ya fara sauka. Waɗanda suka manyanta za su tuna da masu lema a bakin kasuwa, inda ake biya a buga waya.

Kamfanoni sun fara kafa turakunsu ne a inda suke ganin riba, wato birane da gefen manyan tituna. Saboda haka dokar sadarwa ta 2003 ta tanadi wani asusu na musamman, USPF, domin taimakawa wajen kai sabis wuraren da kamfanoni ba za su je da kansu ba. Duk da haka har yau akwai ƙauyukan da ke bayan duwatsu ko cikin kwari inda sai mutum ya hau tudu kafin wayarsa ta kama.

Kafanchan tana da nata tarihin a wannan fage. Gidauniyar Fantsuam, wadda aka kafa a 1996 kuma take da mazauni a unguwar Bayan Loko, ta soma ne da bai wa matan karkara ƙananan rance, daga baya ta shiga koyar da kwamfuta. Ta kuma kafa hanyar rarraba intanet ba tare da igiya ba, mai suna ZittNet, wadda ake lissafawa cikin na farko irinta a karkarar Nijeriya. Matsalolin da ta fuskanta su ne waɗanda ake fuskanta har gobe: rashin tsayayyar wutar lantarki, wanda ya sa ta koma ga hasken rana da batura, da tsawa, da iska mai ƙarfi, wadda ta kayar da dogon turkenta a farkon daminar 2008. Abin koyi a aikin gidauniyar shi ne yadda ta haɗa na'ura da horar da 'yan yankin da za su kula da ita.

Takin gwamnati ta waya

Gwaji mafi girma da aka yi na isar da tallafi ga manomi ta waya shi ne shirin GES, wanda Ma'aikatar Gona ta Tarayya ta fara a 2012, zamanin minista Dokta Akinwumi Adesina. Tsarin mai sauƙi ne. Ana yi wa manomi rajista da sunansa da lambar wayarsa. Idan kaya sun iso, sai saƙo ya shigo masa. Ya tafi cibiyar karɓa, ya nuna saƙon, ya biya rabin kuɗin buhu biyu na taki, gwamnatin tarayya da ta jiha su cika sauran rabin, a haɗa masa da ingantaccen iri. Manufar ita ce a kawar da 'yan tsakiya waɗanda a da sukan karkatar da takin gwamnati zuwa kasuwa.

Miliyoyin manoma sun shiga rajistar, kuma da yawansu a karon farko ke nan takin gwamnati ya shiga hannunsu. Amma akwai waɗanda aka bari a baya, kuma dalilan sun cancanci a tuna da su. Wani ya ba da lambar ɗansa da ke birni, saƙo ya tafi can. Wani an yi kuskuren lamba ɗaya wajen rubutawa. Wani wayarsa ba caji kwana uku. Wani ya ga saƙon da Turanci, ya ɗauka tallar kamfani ce ya goge. Mata da yawa an rubuta su da lambar mazajensu. A wasu cibiyoyin kuma sabis ne ke ɗaukewa, a wuni ana jira ba a tantance kowa ba. A wasu shekarun takin ya makara har lokacin zuba shi ya wuce, wanda wannan ba laifin waya ba ne.

Shirin GES ya tsaya daga baya, amma salonsa ya zauna. Shirye-shiryen tallafi da na rance da suka biyo baya suna neman lambar waya, da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, sau da yawa har da lambar banki ta BVN da aka ɓullo da ita a 2014. Tun watan Disambar 2020 gwamnati ta umarci a haɗa kowane layi da NIN, kuma a 2024 an rufe layuka masu yawa da ba a haɗa ba. Ma'ana, layin manomi ya zama kamar takardar gonarsa.

Abin da annobar citta ta nuna

Kudancin Kaduna shi ne cibiyar noman citta a Nijeriya. Tafin Giwa da Yatsun Biri su ne irin da aka fi sani, kuma da kuɗinsu ake biyan makaranta, a yi rufin kwano, a yi aure. A daminar 2023 wata cuta mai alaƙa da fumfuna ta auka wa gonaki. Ganye ya yi rawaya ya bushe, cittar ta ruɓe a cikin ƙasa. Cutar ta ratsa ƙananan hukumomi da dama cikin 'yan makonni, manoma da yawa suka rasa amfani da iri gaba ɗaya, har da waɗanda suka ci bashi suka yi noman. Farashin citta ya yi tashin da ba a saba gani ba, irin shuka ya yi wuya a shekarar da ta biyo baya.

A nan waya ta yi amfani. Hotunan gonakin da suka lalace sun yaɗu ta WhatsApp, labari ya kai ga hukumomi da 'yan jarida, Gwamnatin Tarayya ta kafa kwamiti na musamman kan annobar, kuma a 2024 Asusun Bunƙasa Noma na Ƙasa ya raba kayan tallafi ga wasu daga cikin waɗanda abin ya shafa. Amma ta wannan wayar ce kuma shawarwari marasa tushe suka yaɗu. Kowa na faɗin maganin da ya ji an ce yana yi, manomi ya kashe ɗan abin da ya rage masa a kan feshi bayan cittar ta riga ta ruɓe. Sannan da aka zo maganar tallafi, tambayar farko ita ce wa ke cikin rajista.

A matsayina na mai binciken amfanin gona, abin da ya fi damuna shi ne ingancin rahoto. Cuta irin wannan ana iya rage ɓarnarta ne idan an gano ta da wuri, aka san inda ta fara, da irin da aka shuka, da inda aka samo shi. Hoton busasshen ganye guda ɗaya, ba suna ba ƙauye ba kwanan wata, ba ya gaya wa mai bincike komai.

Abin da ya kamata manomi ya yi

1. Ya tsayar da layi ɗaya wanda aka yi wa rajista da sunansa da NIN ɗinsa, shi zai riƙa bayarwa a duk rajistar gwamnati da ta ƙungiya. Mace mai gonarta ta yi ƙoƙarin samun nata layin, ko da ƙaramar waya ce.

2. Ya tabbata sunansa da ranar haihuwarsa iri ɗaya ne a NIN da BVN da rajistar ƙungiya. Bambancin harafi ɗaya yakan hana mutum karɓar kayansa. Wanda ya manta NIN ɗinsa zai iya danna *346# a layin da ya yi rajista da shi, za a cire ɗan kuɗi kaɗan.

3. Kada ya bar layin ya kwanta. Layin da ya yi watanni ba a yi amfani da shi ba kamfani na iya rufe shi, daga baya ya sayar wa wani, saƙon banki da na tallafi su koma hannun baƙo.

4. Kada ya goge saƙon da bai gane ba. Ya kai wa malamin gona ko sakataren ƙungiya ya karanta masa.

5. Idan ya ga alamar cuta, ya ɗauki hoto huɗu: na gonar daga nesa, na tsiron gaba ɗaya, na ganyen daga kusa, da na cittar bayan an tona an tsaga ta. Ya haɗa da saƙon murya mai faɗin sunan ƙauye, da ranar shuka, da irin da ya shuka da inda ya samo shi, da abin da aka noma a gonar bara, da ko ruwa na kwanciya a wurin. Kada ya sayi magani sai ya ji daga malamin gona.

6. Kafin ya sayar da amfani, ya kira kasuwa biyu ko uku, misali Kwoi da Kaciya da Kafanchan. Idan an biya shi ta waya, ya duba abin da ke asusunsa da kansa kafin ya saki buhu, domin akwai saƙon shigar kuɗi na jabu.

7. Kada ya faɗa wa kowa lambar sirrinsa ta banki ko lambar da aka turo masa ta saƙo, ko da mai kiran ya ce daga ma'aikatar gona yake. Duk wanda ya ce a tura masa kuɗi domin ya sa sunan mutum a jerin masu tallafi, ɗan damfara ne.

8. Idan kamfanin waya ya ƙi warware masa matsala, akwai lambar 622 ta hukumar NCC, kyauta ce.

Aikin malamin gona

Malamin gona ɗaya yana ɗauke da manoma fiye da yadda babur ɗinsa zai iya zagayawa. Waya na rage masa wannan nauyi idan ya tsara ta. Na farko, ya ajiye rajista a littafi da kuma a waya: suna, ƙauye, lamba, girman gona, abin da ake nomawa. Ya sabunta ta kowace shekara kafin shukar citta a watannin Afrilu da Mayu, yana kiran kowace lamba don ya tabbatar tana aiki. Ranar da tallafi ya zo ba ranar tattara sunaye ba ce.

Na biyu, ya zaɓi manomi ɗaya ko biyu a kowane ƙauye masu babbar waya, a cikinsu har da mace, su zama mahaɗa tsakaninsa da sauran. Na uku, ya fi dogara da saƙon murya, gajere, mai magana ɗaya tak. Hausa ita ce harshen kasuwa a yankin, amma saƙon da aka maimaita da Hyam ko Jju ko Tyap ya fi shiga kunnen tsofaffi da mata. Na huɗu, hasashen damina da hukumar NiMet ke fitarwa a farkon kowace shekara ya fassara shi zuwa shawara: yaushe za a shuka, yaushe za a rufe kunya da ciyawa, ina za a buɗe wa ruwa hanya.

Na biyar, ya san inda zai miƙa abin da ya fi ƙarfinsa. Akwai ofishin shiyya na hukumar bunƙasa aikin gona ta jiha da ke Samarun Kataf, da cibiyar NAERLS da ke Zariya mai layin amsa tambayoyin manoma, da cibiyar bincike ta Umudike wadda binciken citta ke wuyanta. Kuma duk rahoton da manomi ya turo a ba shi amsa, ko da amsar ita ce ana dubawa. Wanda ya kira sau biyu ba a ɗauka ba, ba zai sake kira ba.

A ƙarshe, kada a yar da tsofaffin hanyoyi. A ƙarshen 2021 an katse sabis na kusan wata biyu a wasu sassan Jihar Kaduna saboda matsalar tsaro, sannan ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ya nuna yadda tura kuɗi ta waya kan cije a lokacin da aka fi buƙatarsa. Rediyo da sanarwa a coci da masallaci da fadar mai unguwa da ranar kasuwa duk suna nan da amfaninsu.

Kammalawa

Kafa turke da samar da wuta aikin gwamnati ne da kamfanoni, kuma ya dace ƙungiyoyin manoma su riƙa kai kukan ƙauyukan da ba su da sabis ga ƙananan hukumomi da wakilansu a rubuce. Amma gyara rajista, da raya layi, da sayen ƙaramin faifan sola na caji a ƙungiyance, da koyon tura rahoto mai ma'ana, duk suna hannunmu, kuma ba sa buƙatar kuɗi mai yawa. Muna kira ga kowace ƙungiyar manoma da ta ware zama ɗaya kafin faɗuwar ruwa domin wannan aiki, tare da malamin gonarta. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kare amfaninmu daga annoba.