Abin da ke hana tsohuwar Porsche 911 tashi da sanyin safiya

Porsche 911 SC, wadda aka ƙera a Jamus daga 1978 zuwa 1983, na cikin motocin gudu da masu sha'awar tsofaffin motoci ke rububinsu. Sai dai da yawa daga masu ita na kuka da abu ɗaya: idan ta kwana a sanyi, sai an yi ta murza makulli kafin ta tashi, ko ta tashi ta mutu nan take. Da inji ya ɗumama kuma, sai ta koma lafiya lau.

Matsalar kan samo asali ne daga tsarin ba da mai na K-Jetronic, wanda kamfanin Bosch ya fito da shi a 1973. Babu kwamfutar da ake jonawa ta faɗi ciwon motar. Iskar da inji ke zuƙa ce ke ɗaga wani faranti, farantin ya motsa sandar da ke raba fetur zuwa nozul shida. Komai ya dogara ne da matsin mai.

Me ya sa sai da sanyi?

Idan inji ya yi sanyi, wani ɓangare na fetur kan maƙale a jikin hanyoyin iska maimakon ya gauraya ya ƙone. Don haka injin na buƙatar ƙarin mai da ƙarin iska a mintunan farko, kuma na'urori huɗu ne ke wannan aiki.

Ta farko ita ce nozul na musamman da ke fesa ƙarin fetur lokacin da sitata ke juyawa. Ta biyu makunni ne mai jin zafi, wanda ke ba wannan nozul wuta na 'yan daƙiƙoƙi kawai, kuma ba ya bari ya yi feshi idan inji na da zafi. Ta uku ita ce na'urar daidaita matsin mai, wadda ke rage matsi da sanyi domin faranti ya ɗagu sosai, mai ya ƙaru. Ta huɗu bawul ne da ke shigar da ƙarin iska ta bayan totur don silo ya hau.

Yadda alamu ke nuna mai laifi

Idan sitata na juyawa da ƙarfi amma inji bai ko yi tari ba, zargi na farko na kan nozul ɗin tashin sanyi da makunninsa. Ana ciro nozul ɗin a saita shi cikin kwalba, a cire wutar fulogi, sannan a murza makulli. Rashin feshi na nufin ya toshe ko wuta ba ta zuwa. Idan kuma yana ɗiga bayan an kashe mota, shi ke jiƙa fulogi. Wannan gwaji na da haɗarin gobara, don haka a fili ake yin sa, da abin kashe wuta a kusa.

Idan mota ta tashi ta mutu bayan daƙiƙa biyu ko uku, nozul ɗin ya yi aikinsa, man da zai biyo baya ne bai isa ba. A nan agogon auna matsi ke raba gardama. Matsin da famfo ke riƙewa kan kai kusan bar 5. Wanda na'urar daidaitawa ke bayarwa kuwa kan fara tsakanin bar 1 da 2 da sanyi, gwargwadon zafin gari, ya hau zuwa kusan 3.5 idan inji ya ɗumama. In ya fara a sama tun da safe, inji zai ji yunwar mai. Sau da yawa datti ne ya toshe 'yar ragar da ke mashigar na'urar.

Idan ta tashi amma silo ya yi ƙasa tana karkarwa, sai a leƙa bawul ɗin ƙarin iska. Ya kamata a same shi a buɗe da sanyi, ya rufe a hankali cikin 'yan mintuna.

Motar da ke tashi da safe amma ta ƙi tashi da zafi, ciwonta daban ne: matsi ne ke zurarewa bayan an kashe ta, galibi ta bawul ɗin famfo ko ma'ajiyar matsi.

Kuskuren da ke cin kuɗi

Kafin a taɓa ko ɗaya daga cikin waɗannan, a tabbatar batir da fulogi na da kyau, kuma babu tiyon roba da ya tsage. Iskar da ta shiga ta ɓarauniyar hanya ba ta bi ta kan faranti, don haka ba a ba ta nata kason mai. A 911, wannan ƙarancin mai kan sa wuta ta dawo baya ta fasa akwatin iska na roba, gyaran da sau da yawa sai an sauke inji. Shi ya sa masu motar da dama ke sanya bawul na kariya a jikin akwatin.

Tattaka totur kafin tashi ba ya ƙara mai kamar yadda yake yi a motar kabireta. Haka nan murɗa ƙusar daidaita mai da ka na iya sa mota ta tashi da safe, amma ta riƙa shan fetur da baƙin hayaƙi duk wuni.

Darasin ya shafi kanikawan Arewa ma. Marsandi 230E ta zamanin na amfani da K-Jetronic, 190E da V-boot kuma da ƙaninsa KE-Jetronic, kuma da hunturu irin wannan ƙorafi ne ke kai su gareji a Jos ko Kano. Wasu kan gaji su cire tsarin su sa kabireta, alhali awon matsi na rabin awa, da sassafe kafin inji ya ɗumama, kan nuna na'urar da ta gaza.