Katin Aure da Harshen Turawa

A zamanin dā, idan aka sa ranar aure a ƙasar Hausa, goro ake rabawa gida-gida, sanƙira ya kai labari. Malami da falke da tsohuwa a ɗaki duk su ji. Yanzu kuwa kati ake bugawa, ko a aika ta wayar hannu, galibi da Turanci. Ɗaurin aure ya koma "wedin fatiha", baiko ya koma "ingejimen", liyafa ta koma "dina". Dattijon da ya sauke Alƙur'ani ya karanta Risala, a miƙa masa katin auren jikarsa, sai ya nemi ɗan boko ya fassara masa.

Alhali kowace kalma tana ɗauke da hukuncinta. Baiko alkawari ne kurum, yarinya ba ta halatta ga saurayi ba tukuna. A mazhabar Malikiyya aure yana bukatar waliyyi da sadaki da siga da shaidu biyu adilai, mafi ƙarancin sadaki kuwa rubu'in dinari ne ko dirhami uku. Amma wanda ya aro suna yakan aro al'ada tare, har a ga sa zobe da hotunan rungume-rungume tun ba a shafa Fatiha ba. Walima sunna ce, talaka yana ci. Dina sai mai kati.

Sanin Turanci ba laifi ba ne, fatake sun ga amfaninsa a Ikko da Kumasi. Sai dai shari'a ta so a bayyana aure, bayyanawa kuwa sai da harshen da dangi da maƙwabta suke ji. Allah ya shiryi zuriya. Haza wassalamu.