Gajeren Karatun Kasuwanci a Ƙasashen Waje

Daga Yuni zuwa Agusta, sa'ad da mu nan muke tsakiyar damina, jami'o'in Turai sukan buɗe gajerun kwasa-kwasai. Alal misali, Makarantar Nazarin Tattalin Arziki ta Landan, wadda aka kafa a 1895, takan koyar da lissafin kuɗi da sarrafa kasuwanci cikin mako uku.

Sai dai jama'a su lura: takardar shaida ake bayarwa, ba digiri ba. Bizar baƙunci ta Ingila kuwa, iyakar zama da ita wata shida ne, kuma ba ta halatta kama aiki ba. Saboda haka kada magidanci ya sayar da gonarsa bisa alkawarin dillali. A rubuta wa jami'a kai tsaye, a tabbatar da kuɗin karatu da na masauki tukuna.