Ƙaramin dainoso na Nijar da ƙashinsa ke ajiye a Paris

Duk yaron Nima ko Maamobi da ya taɓa ganin dainoso a talabijin, abin da ke ransa shi ne wani ƙaton dodo mai tsawon bene, kuma a ƙasar Turawa. To, a gaskiya ɗaya daga cikin manyan makabartun waɗannan halittu a Afirka tana Jamhuriyar Nijar, ƙasar da iyaye da kakannin da yawa daga cikinmu suka fito.

Sunan wurin Gadufawa, cikin hamadar Tenere, kudu maso gabas da Agadas. Faransawa masu neman yuraniyom ne suka ci karo da ƙasusuwan, sannan masanin nan Philippe Taquet ya fara tono a can cikin 1965. Kimanin shekara miliyan 110 da suka wuce, inda yau sai yashi da iska, koguna ne da dazuzzuka.

Manyan ne suka yi suna. Akwai Nigersaurus mai haƙora sama da 500, wanda Paul Sereno na Jami'ar Chicago ta Amurka ya raɗa wa suna a 1999. Amma mu wanda ya ɗauki hankalinmu wani ƙarami ne da ba a cika ambatonsa ba. A 1982 Peter Galton da Taquet suka bayyana shi da sunan Valdosaurus nigeriensis, bisa zaton ɗan'uwan wani ne da aka tono a Ingila. Sai a 2009 Galton ya sake duba ƙashin, ya ga bambancin ya isa a ba shi nasa sunan, Elrhazosaurus.

Abin mamaki, ƙashin cinya ne hujjar. Daga siffarsa da gurbin da tsoka ke kamawa masana suka gane danginsa: masu cin ganye, masu gudu da ƙafa biyu. Gudun kuwa dole ne, domin a kogunan nan akwai Sarcosuchus, kadan da tsawonsa ya haura mita 9. Ƙasusuwan ƙanana ba su da ƙwari, ruwa kan farfasa su kafin laka ta binne su, shi ya sa samun ko guda ɗaya babban rabo ne.

Wani zai ce, mu a Gana fa? Yawancin duwatsunmu sun girmi zamanin dainoso nesa ba kusa ba. Na bakin tekun Akra ma, burbushin ƙananan halittun ruwa ne a cikinsu.

Abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya shi ne, wannan ƙashin cinya yana gidan tarihin halittu na Paris. Ɗalibin Agadas da ke son nazarinsa sai ya nemi biza. Masu zuwa ganin gida daga Nima dai, idan sun sauka Yamai, su ja yara zuwa gidan tarihi na Boubou Hama, akwai ƙwarangwal ɗin manyan a can.