Ruwan Tiga da Bashin da Ya Ƙi Biyuwa

Ya ku malamai da fatake, duk wanda ya san ƙasar da ta taso daga Bebeji da Kiru, ta bi Tudun Wada har Doguwa, ya san ba arziki aka rasa a nan ba. Ga masara, ga shinkafa, ga rake, ga kuza a duwatsun Riruwai. Ga kuma madatsar Tiga da gwamnatin Audu Bako ta gama a 1974, wadda ruwanta ke shayar da gonakin Kadawa da Kura rani da damina. To, me ya sa mai wannan ƙasa yake sayen tumatirin gwangwani na ƙetare?

Asalin ciwon shi ne ma'aunin ƙasa ya karkata. Tun da aka sami man fetur a Oloibiri a 1956, sannu a hankali sai ya zama shi ne ke kawo kusan duk kuɗin waje, dalar gyaɗar Kano ta ɓace, masaƙun Bompai da Sharaɗa suka rufe ɗaya bayan ɗaya. Kamfanonin da suka saura suna sayo kayan aiki da dalar Amurka, suna sayarwa da naira. Da aka saki naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haye 1,500 a 2024. Wanda ya ci bashin dala sai ya tarar bashinsa ya ninka uku alhali bai ƙara ko kwabo ba. Har manya irin MTN da Nestle sun bayyana hasara a lissafin 2023.

Amma akwai bashin da ya girmi wannan. Bayan bankuna sun tangaɗa a 2009, zamanin Sanusi Lamido Sanusi yana gwamnan Babban Banki, aka kafa hukumar AMCON a 2010, ta saye basussukan da suka maƙale. Mafi yawan kuɗin nan, na tiriliyoyin naira, yana wuyan 'yan ɗarurruwan manyan mutane ne kawai, shari'a kuwa ta yi ta jan ƙafa.

Sa'an nan ga rancen manoma da Shugaba Buhari ya buɗe a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015. An raba fiye da naira tiriliyan 1. A 2023 Asusun Lamuni na Duniya ya ce kashi 24 cikin ɗari kaɗai aka biya, Babban Banki ya ce a'a, ya kai rabi. Ko wanne aka ɗauka, abin kunya ne ga mutanen da suka san ayar da ta fi tsawo a Alƙur'ani kan rubuta bashi take magana. Daga ƙarshe dai Babban Banki ya janye hannunsa daga irin wannan rance.

A ganinmu gyara daga sama zai faro. A fara karɓo na manya kafin a tsare ƙaramin manomin Tudun Wada. Kuma kada a sake ba da rance sai an ga mai saye da kayan da zai saya. Masana'antar tumatir ta Ɗangote a Kadawa ta buɗe a 2016, tsutsa ta cinye amfanin shekarar, ta rufe. Ta sake buɗewa a 2019, ta kuma yi ta tsayawa don rashin isasshen tumatir, ga ruwan Tiga yana wucewa kusa da ita.